Ire-iren Mutanen Ikkilisiyar Anglikan ta Ƙauye a Ƙasar Zazzau

Ikkilisiyar ƙauye, wadda masu ita suke kira farish, ita ce gunduma mafi ƙanƙanta a tsarin ɗarikar Anglikan. A ƙasar Zazzau takan ƙunshi majami'a guda mai rufin kwano inda Rabaran yake zaune, da ƙananan rassa a ƙauyukan kewaye, waɗanda babur ke kaiwa da rani, ƙafa ke kaiwa da damina. Ikkilisiyoyi da dama suna ƙarƙashin Akdikin, wanda ake wa laƙabi da Benarabul, shi kuma yana ƙarƙashin Bishop mai dayosis. A takarda, iko daga sama yake gangarowa: Bishop ya turo Rabaran, Rabaran ya umarci katikis, katikis ya faɗa wa jama'a. A ƙasa kuwa, iko yana hannun mai riƙe da makulli, da mai riƙe da ludayi, da wanda ya tuna yadda aka yi bara waccan.

Tushen waɗannan ikkilisiyoyi yana komawa ga shekarar 1900, lokacin da Bishop Herbert Tugwell da Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba, suka dawo suka yi zango a Girku. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya yana ba da magani yana koyar da yara. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, kusa da dutsen Kufena, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak, tana nan tsaye har yau. Makaranta da asibitin St Luke suka kafu a gefenta, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, masu bishara suka bazu ƙauyuka. A 1979 Cocin Najeriya ya zama mai cin gashin kansa. Muƙamai da tsarin sujada daga Ingila aka kawo su, asalin sujadar Littafin Addu'a na 1662 ne, amma masu riƙe da muƙaman 'yan gida ne, kuma duk ikkilisiyar da aka shiga za a tarar da kusan iri ɗaya, suna kawai ke bambanta.

Rabaran shi ne farkon wanda baƙo yake gani, kuma shi ne mafi ƙarancin sanin garin. Yakan sauka da akwatin littattafai daga kwalejin tauhidi ta St Francis da ke Wusasa ko wata irinta, da farar kwala a wuya, da tsarin shekara biyar a rubuce. Tun ranar farko tsofaffin da suka yi jika da shi suke kiransa Baba. Shekararsa ta farko ta gyara ce: za a riƙa fara sujada ƙarfe takwas daidai, za a rage sanarwa, za a daina ajiye kuɗi a gida. Duk abin da ya kawo, dattawa su ce "to, Baba, madalla," su tashi su ci gaba da yadda suka saba. A shekara ta biyu yake gano cewa ƙarfe takwas ba ta bugawa sai mata sun dawo daga rijiya. A ta uku ya fara noma gonar mishan, ya san wane ba ya gaisawa da wane da kuma dalili, wa'azinsa ya fara shiga jiki. A daidai nan takardar canjin wurin aiki take isowa daga ofishin Bishop.

Katikis ba ya zuwa ko'ina. Ba a naɗa shi firist ba, saboda haka ba shi da ikon keɓe gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji. Wannan sai an jira zagayen Rabaran. Amma sauran duka nasa ne: ajin baftisma, addu'ar asuba, jana'iza idan rafi ya cika ya hana Rabaran ƙetarewa, sasanta masu rikicin iyakar gona, da raba mata da miji faɗa da tsakar dare. Albashinsa kaɗan ne, ba ya kuma zuwa a kan kari. Ba a taɓa jin ya yi wa shugabansa musu ba. Jimla guda gare shi, yana faɗarta da ladabi, kai a sunkuye: "Baba, wanda ya gabace ka ma ya gwada." Da wannan jimla ya binne sauye-sauye masu yawa. Kowane katikis a yankin ya san cewa mahaifin Janar Yakubu Gowon, Malam Yohanna, irin wannan aiki ya yi a Wusasa, kuma ɗansa ya zama shugaban ƙasa a 1966. Shi ya sa yakan dubi 'ya'yansa maza da wani irin ido, ko da suna ta faɗuwa jarrabawa.

Kusa da katikis a daraja, sama da shi a surutu, akwai dattijo mai tarihi. Mazauninsa bencin gaba ne, daidai taga. Likita Miller ya rasu a Bukuru a 1952, ya kuma bar Zariya tun kafin nan da daɗewa, amma wannan dattijo, wanda a lissafi bai fi goyo ba a lokacin, yana ba da labarin "Likita Mila" har da yadda yake tari. Likita Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, duk "yaranmu" ne a bakinsa. Ya raba tarihin duniya gida biyu: zamanin Turawan mishan, lokacin da yara ke da ladabi kuma alli ba ya ƙarewa, da abin da ya biyo bayan karɓe makarantun mishan da gwamnati ta yi a shekarun 1970, lokacin da aka sauya wa kwalejin St Paul suna zuwa Kufena, komai ya lalace har da ɗanɗanon gyaɗa. Ana iya gajiya da shi, ba a dai iya yin watsi da shi, domin filin majami'a ba shi da takarda, kuma shi kaɗai ya san inda iyaka ta bi. Iyakar ta tashi ne daga kuka zuwa tsohuwar rijiya. Kukar ta faɗi tun tuni, rijiyar ta cike, sai shi.

Wodin, wato masu kula da al'amuran majami'a, biyu ne a kowace ikkilisiya, bisa al'adar da aka gada: ɗaya Rabaran ke zaɓa, ɗaya jama'a. Aikin na farko shi ne ya bayyana wa jama'a abin da Baba yake nufi, aikin na biyu ya bayyana wa Baba abin da jama'a ba za su yi ba. Su biyun sukan zauna bayan sujada su ƙirga baiko tare da ma'aji, wanda shi iri ne mai zaman kansa. Ma'aji mutum ne mai gaskiya da fuska a murtuke, da littafi mai layi a cikin leda. Yana miƙe takardun naira ashirin da aka dunƙule ɗaya bayan ɗaya, kuma daga yanayin dunƙulewar ya san hannun da ya jefa. Yagaggiyar takardar da mai shago ya ƙi karɓa ranar Asabar, shi yake tarar da ita ranar Lahadi. Amsarsa "babu kuɗi" takan fito kafin mai roƙo ya gama sallama. Ba rowa ba ce: kason da dayosis ta ɗora wa ikkilisiya yana wuyansa, kuma shi Akdikin yake nema da ido a taro.

Ranar Lahadi tana farawa da mai ƙararrawa. Ƙararrawar a yawancin ƙauyuka tsohon ƙarfen tayar babbar mota ne da aka rataye a reshen darbejiya. Ana buga ta sau uku: ta farko a tashi, ta biyu a shirya, ta uku a shigo, ko da yake jama'a sun daɗe da matsar da ma'anar kowacce gaba da mataki ɗaya. Mai ƙararrawa ba ya ɗaura agogo, inuwa yake dubawa, don haka ranar da hadari ya haɗu lokaci yana hannun Allah. Shi ne mai shara, mai korar awaki da jemagu, kuma makulli yana ɗaure a mazagin wandonsa. In ya tafi gaisuwar mutuwa a wani gari, a ƙarƙashin bishiya ake sujada.

A ciki, maza gefe guda, mata gefe guda, yara a tabarma a gaba. Babu dokar da ta ba kowa benci, amma akwai mai benci, wanda ubansa ya zauna a nan, kuma baƙon da ya zauna masa ba za a ce masa komai ba, za a dai tsaya a kansa har ya gane. Masu barci kashi biyu ne. Akwai mai gyangyaɗi na fili, wanda in ya farka sai ya ce "Amin" da ƙarfi, sau da yawa a daidai inda mai wa'azi ya ambaci halakar masu zunubi. Akwai kuma mai runtse ido wanda ya ce tunani yake yi a kan Maganar Allah, munshari kawai ke tona shi. Da damina ana yi wa dukansu uzuri, domin wanda ya wuni kwana shida a kunya ba ya iya yin gardama da inuwa. Da rani sai a bar su da ɗan birged. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, a nan ta samar da saurayi mai hula a karkace da ɗamara, wanda ke sintiri tsakanin bencina da doguwar tsumagiya. Yara yake taɓawa. In mai barcin kawunsa ne, sai ya dubi rufi ya wuce.

Shugaban mawaƙa ya iya karanta do-re-mi, kuma ba ya bari a manta. Yana kaɗa hannu da dukan jikinsa, yana harara duk inda murya ta zame. Abokan hamayyarsa biyu ne. Na farko yaro mai kibod, wanda ya koyi kiɗa a waya, ya kuma yi imani cewa babu waƙar da ba za ta ƙaru da ganga ba. Ta biyu tsohuwa mai jan murya, wadda ta haddace Littafin Waƙoƙi tun daga bango har bango, ba ta buɗe shi, kuma tana kai ƙarshen kowane baiti bayan kowa ya zauna. Yaron ne ke rinjaye muddin janareta na aiki. Da mai ya ƙare, ikkilisiya duka ta koma bin tsohuwa.

Zumuntar Mata ita ce babin da ya fi kowane faɗi. Cocin Najeriya ba ya naɗa mata firist, amma duk wanda ya ƙirga kawuna ranar Lahadi ya san gefen da ya fi cika. Aikin mata a ɗarikar yana da tsohon tushe: ƙungiyar iyaye mata ta Mothers' Union, Mary Sumner, matar wani limamin ƙauye, ta fara ta a Old Alresford da ke Ingila a 1876. Daga nan aka gaji ƙa'idar cewa matar Rabaran ce ke jagorantar mata, ko da jiya aka ɗaura mata aure. Sai ga yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai ana kiranta Mama, an zaunar da ita a kujera, a gefenta kuma tsohuwar uwar zumunta wadda ta karɓi haihuwar rabin garin tana zaune a ƙasa tana yanke hukunci. Mama mai wayo takan koyi cewa "bari mu ji ta bakin iyayenmu" tun makon farko. Wadda ba ta koya ba, za ta kira taro ta tarar da bencina.

In aka ba Zumunta minti biyar ta yi waƙa, daga ƙofar baya take farawa, cikin anko, da tulu da caki, taku ɗaya gaba rabin taku baya, kuma kafin ta kai gaban bagadi Rabaran ya cire kashi na uku na wa'azinsa. Ba mai cewa uffan, domin asusunsu ne kaɗai ke da kuɗi a ikkilisiya, ma'aji ma wurinsu yake zuwa rance da dare. Su ke dafa abincin biki da na makoki, su ke kwana da mara lafiya a asibiti, su ke sanin gidan da hatsi ya ƙare tun kafin maigidan ya yarda. A cikinsu akwai mai rabon abinci, wadda ludayinta ke auna matsayin kowa a gari fiye da kowace kujera. Akwai kuma mai roƙon addu'a, wadda ba ta taɓa yin tsegumi ba a rayuwarta. Tashi take yi a taro ta ce, "'Yan'uwa, a sa 'yar wance a addu'a, ni dai ban ce komai ba, amma a duba yadda take ɗaura zane kwanan nan." Kafin a ce Amin labari ya kai bakin kasuwa. A Lahadi ta huɗu cikin azumin kwana arba'in, ranar iyaye mata, su ke gudanar da sujada, kuma maza sukan fito a ranar sun ji abin da aka tara musu shekara guda.

Sakatare, mai sanarwa, ya ɗauki aikinsa wa'azi na biyu, sau da yawa ma ya fi na farkon tsawo. Yana karanta wasiƙar dayosis tun daga adireshi, yana ƙara sharhi. Wuri guda ne kawai ake sauraronsa da kunne biyu, wato sanarwar aure, wadda doka ta ce a yi ta Lahadi uku a jere a tambayi ko akwai mai dalilin hanawa. Ba a cika samun mai tashi ba. Akwai dai mai tari, wanda ke gyara murya sau ɗaya a cikin wannan shiru, kuma wannan tari shi za a yi ta fassarawa a gidaje har mako ya zagayo. Ɗan'uwan sakatare a sana'a shi ne tafinta, wanda ake nema in baƙo ya zo wa'azi da Turanci. Baƙo ya yi jimla ɗaya, tafinta ya yi biyar. Baƙo ya ce zunubi, tafinta ya ce burkutu, ya kuma dubi bencin baya. Nan ne mazaunin waɗanda ke ƙarƙashin horon ikkilisiya, da 'yan makara, da gwanin da ke tuna akuyarsa ta kwance daidai lokacin da aka ce za a yi baiko na biyu.

Wasu ire-iren sai da kaka suke fitowa. Bikin godiya na amfanin gona, wanda ake danganta farkonsa a cocin Ingila ga Rabaran Robert Hawker na Morwenstow a 1843, bai sha wahalar zama ɗan gida a ƙasar manoma ba. Ana jibge damman dawa da buhunan masara da gyaɗa da barkono a gaban bagadi, da zakaru ɗaure suna sa baki a cikin addu'a. Bayan sujada sai mai gwanjo ya hau benci. Sauran kwanakin shekara mutum ne shiru-shiru, amma a ranar yana iya sayar wa mutum kabewar da shi da kansa ya kawo, ninki uku na kuɗin kasuwa, ta hanyar tambayarsa a gaban surukansa ko iyakar ƙarfinsa ke nan.

A ranar ce kuma ɗan gari na birni yake zuwa, daga Kaduna ko Abuja, da mota da babbar riga. Ana ba shi kujera mai hannu, a naɗa shi babban baƙo, shi kuma ya karɓi makirufo ya tuna wa jama'a cewa a kan wannan tabarma ya koyi karatu, sannan ya yi alkawarin buhun siminti ɗari domin sabon gini. A yi guɗa. Ma'aji ya rubuta a shafin alkawura, shafin da ya fi kowane cika a littafinsa, bai kuma ɗaga kai ba. Sabon ginin yana nan bayan tsohon, ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a inda bagadi zai zauna, kuma duk layin bulo da ya ƙaru a kansa daga aikin gayya ya fito, na matasa masu ɗebo yashi da mata masu ɗebo ruwa. Duk da haka ba a raina ɗan birni. Shi ake kira in yaro na neman gurbin karatu, kuma wani lokaci buhu goma daga cikin ɗarin sukan iso.

Zuwan Bishop domin tabbatarwa, wato ɗora hannu a kan waɗanda suka gama aji, aikin da shi kaɗai ke da ikon yi, yana fito da mai shirya tarba. Wannan yana shafa farar ƙasa a duwatsun bakin hanya da gindin bishiyoyi, ya tsara wanda zai riƙe ragon kyauta, ya kuma tabbatar shi ke kusa da Baba Bishop a hoto.

Akwai iri guda da ba ya cikin rajista, amma bayanin ikkilisiya ba ya cika sai da shi: maƙwabci Musulmi, magini ko mai shayi ko tela, wani lokaci ma ɗan'uwa na jini, tun da a ƙauyukan nan gida ɗaya kan haɗa masu zuwa masallaci da masu zuwa majami'a. Ya san ranar Ista kafin wasu 'yan ikkilisiya su sani, domin shi ke ɗinka ankon. Shinkafar Kirsimeti tana shiga gidansa, naman layya yana fita daga gidansa zuwa gidan Rabaran. Yankin ya ga munanan kwanaki, kamar rikicin 1987 da ya taso daga Kafanchan ya kai Zariya, kuma ba a manta ba. Amma kwanon abinci bai daina ƙetare katanga ba. Yana da ra'ayi mai ƙarfi a kan limaman da aka yi a garin, wane mutumin kirki ne, wane bai iya gaisuwa ba, kuma hukuncinsa yakan zo daidai da na katikis.

Shekarar ikkilisiya tana rufewa da babban taro, inda ake karanta rahoton kuɗi a zaɓi 'yan majalisa. Wannan ita ce ranar mai tambaya. Shekara guda yana tara takardu a aljihu. Da ma'aji ya zauna sai ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, ni ba don komai ba, don a fahimta ne kawai," sannan ya nemi a gaya masa inda ragowar kwano biyu na rufin ɗakin katikis suka shiga shekara huɗu da suka wuce. A kawo bayani, ya ce ya gode, yana da ƙaramar tambaya ta biyu. Rana ta take, yara su fara kuka, mata su fara tashi ɗaya-ɗaya. Maganinsa sananne ne, kuma katikis ne kan ba da shawararsa a kunnen Rabaran: a zaɓe shi cikin majalisa, a ba shi kwamitin gini. Daga ranar ba a ƙara jin tambayarsa, sai dai bayani a kan tsadar siminti. Kujerar da ya bari ba ta kwana biyu babu kowa, domin a taro na gaba wani ne zai ɗaga hannu daga tsakiyar benci, da takarda a aljihu, ya nemi shugaban kwamitin gini ya yi wa jama'a bayani.